Inji, Batir da Sola: Haƙƙin Maƙwabci a Zaɓin Wutar Ƙaramin Ofis

Ƙaramin ofis a Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, ko a Yelwa ta Yauri, ko a Shanga, yawanci ɗaki ɗaya ne ko biyu: kwamfuta, firinta, na'urar fotokwafi, fanka, ƙwan fitila biyu ko uku, da na'urar POS a kan tebur. A irin wannan ɗaki ake buga takardar neman aiki, a cika wa ɗalibi fom ɗin jarrabawa, a rubuta yarjejeniyar cinikin gona, a tura wa mai kifi kuɗinsa ranar kasuwa. Aikin duka a kan wutar lantarki yake tafiya, ita kuwa ba ta da alkawari. Ɗaukewar awa biyu ko uku ba ta cika tayar da hankali ba. Ana jira, ko a yi abin da batirin laftof zai iya. Wadda ke tilasta wa mai ofis ya yanke shawara ita ce doguwar ɗaukewa, wadda ake ƙirga ta da kwanaki ko makonni: taransifomar unguwa ta ƙone, iskar farkon damina ta kayar da turaku, ɓarayi sun kwance waya, ko babban layi ya lalace. A watan Oktoba na 2024 Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya samu matsala.

Da farkon gani, zaɓi tsakanin janareta da batir da sola lissafin naira ne kawai. Amma kowace hanya daga cikinsu tana da wanda take ɗora wa nauyinta, kuma ba kullum mai ofishin ne ke ɗauka ba. Wani lokaci maƙwabci ne, wani lokaci mai kawo aiki, wani lokaci yaron da zai fasa tsohon batir a bola. Daga nan maganar take shiga hurumin fiƙihu, kuma mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da ita, tana da dogon bayani a kan irin wannan cutarwa tun kafin a san lantarki.

Ga mutanen gaɓar tafkin Kainji akwai wani ƙarin ɗaci. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, aka buɗe ta a farkon 1969. An tsara ta da gurbin injuna 12, aka sa 8, masu ƙarfin megawat 760. Ruwan da ta tare ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, daga bakin madatsar har zuwa wajen Yelwa. Ya cinye tsohon garin Bussa da mafi yawan tsibirin Foge da gungunan da Gungawa ke noman albasa a kansu, kuma sai da aka tayar da mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Wutar da ake samu daga wannan ruwa tana hawa babban layi zuwa Birnin Kebbi, daga can wani layi ya ƙetara da ita Yamai. Jikan wanda aka tasa daga gungu yana iya ganin ruwan daga ƙofar shagonsa alhali fankarsa a tsaye take: ga ƙoshi, ga kwanan yunwa. Wannan tarihi ba ya sauya hukuncin abin da ke tsakanin mai ofis da maƙwabcinsa, amma yana shiga cikin yadda mutane ke kafa hujja, kamar yadda za a gani a gaba.

Tambaya ta farko ita ce ko tanadin wuta wajibi ne a kan mai ofis, ko kuwa ganin dama. Magidancin da ya zaɓi ya kwana da fitilar hannu kansa ya yi wa. Mai ofis kuwa ya buɗe ƙofa ya karɓi aikin mutane, aikin nan kuma amana ne. Wanda ya karɓi kuɗin rajistar ɗalibi ana saura kwana biyu a rufe, ya san kuma unguwar ta yi mako babu wuta, ba zai fake da ƙaddara ba idan wa'adi ya wuce. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali sananne ne, amsar kuma ita ce ya ɗaure ta ya kuma yi tawakkali. Nauyin yana ƙaruwa gwargwadon abin da aka riƙe. Kemis mai ajiye insulin, ko ɗakin shan magani mai ajiye allurar rigakafi wadda mafi yawanta ke buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ɗaya suke da mai buga katin ɗaurin aure ba.

Malikiyya sun ƙara da wani hukunci da ya dace da nan. A wurinsu, mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki ko marini, shi ke da lamunin kayan da aka ba shi idan suka lalace a hannunsa, sai fa in ya kawo shaida cewa ba daga gare shi ba ne. Dalilinsu maslahar jama'a ce, domin mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu. Mai cajin waya da ya jera wayoyi talatin a kan injin da wutarsa ke hawa tana sauka, har ta ƙona wasu, yana ƙarƙashin wannan hukunci, kuma cewa "injin ne" ba ta fitar da shi, tunda shi ya zaɓi injin. Sai dai wajibcin gwargwadon iko ne. Wanda ba shi da halin tanadi ba a ce ya ci bashin da zai karya shi ba. Abin da ke kansa shi ne ya faɗi gaskiyar halin da ake ciki, kada ya karɓi aikin da ya san ba zai gama ba.

Bayan an yarda da tanadi, sai maganar gwargwado. A nan lissafi da ladabin addini hanyarsu ɗaya, domin sayen abin da ya fi buƙata almubazzaranci ne, kuma shi ne kuskuren da aka fi yi. Laftof tana cin wat 45 zuwa 65, kwamfutar tebur tana iya kai 150 ko fiye, fankar sama wajen 70, ƙwan fitila na zamani wajen 10, na'urar intanet ita ma haka. Ofis mai laftof biyu, fanka ɗaya, ƙwai uku, na'urar intanet da cajin POS da wayoyi bai wuce wat 250 ba. A aikin awa 8 ya ci wat-awa 2,000 ke nan. Abin da ke ɓata wannan lissafi shi ne duk na'urar da ke aiki da zafi: fotokwafi da firintar leza, waɗanda ke iya jan wat 1,000 lokacin da suke ɗumama, da na'urar laminatin. Saboda su ne ake sayen babban inji, a bar shi yana ruri tun safe har yamma, alhali aikinsu na gaskiya in an tara shi bai fi awa ɗaya ba. Ƙaramar na'urar UPS ba ta cikin wannan magana; amfaninta minti goma ko ashirin ne, don a samu a adana aiki a kashe kwamfuta lafiya. Inbata da batir ba tare da sola ba su ma na gajeriyar ɗaukewa ne, tunda da wutar kamfani ake cika batirin. Ranar da ta kwana biyu ba ta dawo ba, sun zama kayan ado.

Saura janareta da sola. Janareta ya fi sauƙin saye, akwai makanikinsa a kowane gari, kuma yana ɗaukar fotokwafi ba gardama. Tsadarsa a ciyarwa take. Inji mai matsakaicin ƙarfi irin na shaguna yana shan abin da ya kusa lita guda a awa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A garin da gidan mai ke iya wayar gari babu mai, farashin 'yan bumburutu ne ke aiki. Wannan duk aljihun mai ofis ne ke ji. Abin da ba ya shiga littafin lissafinsa shi ne hayaƙi da ƙara da girgiza, kuma waɗannan ukun fiƙihu ya yi magana a kan kowanne daban.

Tushen babin shi ne hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya hana cuta da cutarwa. A kansa malamai suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka. Mukhtasar na Halil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14 kuma har yau ake karanta shi a zaurukan malamai, ya lissafa abubuwan da alƙali zai hana da waɗanda ba zai hana ba. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wadda kotunan alƙalai a Arewa suka sani sosai, tana da babi a kan cutarwa. A Gwandu ma, a ƙarni na 19, alƙali Idris ɗan Halidu ya tattara mas'alolin da masu hukunci suka fi buƙata, har da na gini da maƙwabtaka. Ba baƙon ilmi ba ne a jihar Kebbi.

Hayaƙi shi ne mafi bayyanar hukunci. Halil ya sa shi cikin abin da ake hanawa, ya ba da misali da hayaƙin gidan wanka na haya, tare da wari irin na majema. An yi sassauci ga hayaƙin girkin gida domin ba makawa ne kuma kowa yana yi. Hayaƙin janareta ya fi kusa da na farko, musamman na ƙaramin injin nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Ya ma zarce abin da malaman da suka hango, domin mafi haɗarinsa ba ya da launi ba ya da wari. Iskar kabon monoksaid tana kama jini fiye da yadda iskar shaƙa ke kama shi sau fiye da 200; wanda ya shaƙe ta ciwon kai da kasala yake ji, barci ya ɗauke shi, ba ya sanin yana cikin haɗari. Labarin iyalin da aka tarar sun mutu a ɗaki saboda an shigar da inji soro ko baranda don tsoron ɓarawo ya sha maimaituwa a Najeriya. Mai ofishin da ya juya bututun hayaƙi ya fuskanci tagar maƙwabci, don kada ya dami masu kawo masa aiki, ya aikata ainihin abin da babin ya zo hanawa, kuma maƙwabcin yana da hurumin ya kai ƙara.

Ƙara kuwa hukuncinta ya fi sarƙaƙiya, kuma mai inji zai iya samun abin riƙewa a littafi. Halil ya sa sautin sana'a, irin na masu bugun tufafi, cikin abin da ba a hanawa. Hikimar a fili take: in da za a rufe kowace mabuga da maƙera saboda ƙara, da gari ya rasa abin yi, kuma ƙara ba ta rusa bango ba ta shiga huhu. Amma masu sharhi sun yi iyaka, suka ce wannan idan ƙarar ba ta tsananta ta dawwama ba. An kuma ruwaito cewa malaman fatawa na Toledo a Andalus sun hana masu bugu idan maƙwabta suka cutu, wasu malaman kuma suka bambanta dare da rana. Mai bugu mutum ne. Hannunsa yana gajiya, yana tashi salla, yana cin abinci. Inji ba ya gajiya sai mai ya ƙare. Sharaɗin dawwama da a da yake wuyar cika, yau shi ne halin janareta na kullum. Don haka wanda ya ɗauko sassaucin Halil ya ɗora wa injin da ke ruri awa goma a jikin bangon ɗakin mai jego ya ɗauki lafazi ya bar dalili. Abin da ya fi dacewa da ruhin hukuncin shi ne a bar masa injinsa da rana a lokutan aiki da aka sani, a hana shi da dare, a kuma nemi ya kashe lokacin salla idan masallaci na kusa, ko lokacin karatu idan makaranta ce.

Girgiza ta fi ƙara nauyi a wurin malamai, domin tana taɓa gini. Ibnur Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai ke aika shi duba rigingimun gine-gine, ya rubuta littafi a kan wannan fanni. A ciki ya kawo yadda aka koya masa gwada ko dutsen niƙan da dabba ke juyawa yana cutar da bangon maƙwabci: a rataya takarda da zare huɗu daga rufin da ke kan bangon, a zuba busassun ƙwayoyi marasa nauyi a kanta, a sa dabbar ta juya, idan ƙwayoyin suka motsa, akwai cuta. Abin lura a nan shi ne alƙalin bai tsaya ga rantsuwar mai ƙara ko musun wanda ake ƙara ba, ya nemi ma'auni. A garuruwan da ginin ƙasa ke da yawa, inji da aka jingina da katanga shekara da shekaru abin dubawa ne, maganinsa kuma mai arha: a janye shi daga bango, a ɗora shi kan tsohuwar taya ko katako.

Akwai kuma bambanci tsakanin cuta tsohuwa da sabuwa. Wanda ya zo ya gina ofis kusa da masu bandar kifi a bakin ruwa ba zai ce su kashe wutarsu ba. Ya same su a nan. Haka wanda aka ƙirƙiro masa cuta yana gani ya yi shiru ba tare da uzuri ba, Tuhfa ta ce bayan shekara 10 ba a sauraren ƙararsa, ko da yake wasu malamai sun cire cutar da ke ƙaruwa da tafiyar lokaci daga wannan. Matsalar ita ce shiru a ƙasar Hausa ba kullum yarda ba ne. Kara da kunya suna hana mutum ya ce wa maƙwabcinsa "Alhaji, injin nan yana hana mu barci", balle idan Alhajin ne ke ba shi caji kyauta. Alƙali da zahiri yake hukunci, amma mai injin da ya san shirun na kunya ne bai kuɓuta tsakaninsa da Allah ba.

Cuta ta ƙarshe ta janareta ba ta kan maƙwabci, tana kan wanda ba a ma gani. Idan aka haɗa inji da wayoyin ofis ba tare da makunnin da ke raba su da layin kamfani ba, wutar injin tana komawa kan layi, taransifoma ta ƙara mata ƙarfi, ma'aikacin da ya hau turke yana gyara da tabbacin an kashe layi ya gamu da ajalinsa. Makunnin nan kuɗinsa kaɗan ne, barinsa kuma sakaci ne da rai.

Sola ba ta da hayaƙi, ba ta da ƙara, ba ta girgiza komai, don haka a babin maƙwabtaka ta yi wa janareta nisa. Yankin Kebbi yana samun abin da ya kai awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana a yini, kuma ofishin da aka lissafa a baya faranti masu jimlar wat 600 zuwa 800 za su riƙe shi, in an cire fotokwafi. Ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi sai ana gogewa, hadarin Agusta ma haka. Raunin tsarin a batir yake. Batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 a rubuce yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabin wannan kaɗai ake iya ja ba tare da an kashe shi da wuri ba, inbata kuma ta ci kusan kashi ɗaya cikin goma. Zafi ma maƙiyinsa ne: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kwanansa da rabi, a ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke kai 40. Batirin litiyom ya fi jurewa, ana jan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, amma kuɗinsa na farko ya fi yawa. Sa'ar ofis ita ce da rana yake aiki, lokacin da farantin ke bayarwa kai tsaye, don haka bai buƙaci batir mai yawa kamar gida ba. Tsarin da ya fi ma'ana ga mafi yawan irin waɗannan ofisoshi shi ne a ɗora ƙananan kaya a kan sola, a ajiye inji don fotokwafi da kwanakin hadari, a tara aikin zafi a yi shi lokaci guda.

Da sola, mai ofis ya tashi daga mai cutarwa ya koma wanda ake iya cutarwa, kuma a nan tsohon hukunci ya zo da abin mamaki. Mashhurin zance a mazhaba shi ne ba a hana mutum ɗaga gininsa don ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska. Ibn Nafi'u, ɗaya daga malaman mazhabar, shi ne ya saɓa, ya ce a hana. Amma Halil ya yi togiya guda: masussuka. Wanda ya tare mata iska da rana ana hana shi, domin amfaninta gaba ɗaya a kansu ya rataya. Farantin sola ya fi kama da masussuka fiye da tagar ɗaki. Inuwa ko a kan wani sashe nasa tana iya zubar da yawancin abin da yake bayarwa. Wannan ƙiyasi ne da ke jiran masu fatawa, amma ƙofarsa a buɗe take. A Warra dai bene bai yi yawan da zai zama matsala ba tukuna. Bishiya ce ke yin inuwar. Reshen da ya ƙetaro sararin wani, mai sararin yana da ikon neman a sare shi. Sai dai darbejiyar da ke ƙofar ofis inuwar masu jira ce da masu talla da tsofaffin unguwa, kuma wanda ya sare ta don farantinsa ya sha rana ya mayar da zafin kan mutane ashirin. Ɗaga farantin ko sauya masa wuri ya fi sauƙi a kan kowa.

Bayan maganar inuwa, nauyin sola na biyu bashi ne, domin kuɗin shekaru ake biya a rana ɗaya. Sayen kaya a biya kaɗan-kaɗan da farashin da ya fi na hannu-da-hannu jumhurun malamai sun halatta shi, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, da sharaɗin a tsayar da farashi guda tun wurin ƙulla ciniki. Abin da ta hana shi ne ƙarin kuɗi saboda jinkirin biya, domin wannan riba ce. Mai ofis da zai sa hannu a takardar kamfanin sola ko ta banki, layin da ya kamata ya nema shi ne wanda ke faɗin abin da zai faru ranar da ya makara. Nauyi na uku yana zuwa ne bayan shekara biyu ko uku, ranar da batirin dalma ya mutu. Masu sayen tsofaffin batira suna biya da kyau, wasunsu kuma a fili suke fasawa, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a tukunya. Arewa ta san aikin gubar dalma: a 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Wanda ya sayar wa mai fasawa a tsakiyar unguwa yana sane, yana da kaso a abin da ya biyo baya.

Daga hana cuta sai maganar bayarwa. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya sa mutane tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Malamai da yawa sun fassara na ukun da cewa ba a hana mutum ya kunna fitilarsa daga wutar wani ko ya amfana da haskenta, tunda wannan ba ya rage komai. Itacen da mai wutar ya saro kuwa nasa ne. A wannan ma'auni, lantarkin janareta dukiya ce da ke raguwa, kowace waya da aka jona tana da rabonta a litar mai, don haka sayar da caji ko ja wa shagon kusa waya a kan kuɗi halal ne, muddin an fayyace awoyi da abin da za a jona. Sola tana da wani hali dabam. Da tsakar rana, idan batir ya cika, abin da farantin zai iya bayarwa fiye da buƙatar ofis ba ya ajiyuwa. In ba a yi amfani da shi ba ya tafi. Wannan ya fi kama da rarar ruwa, wadda hadisi ya yi hani a hana ta. Ba za a ce alƙali ya tilasta ba, kamar yadda Malik ya ɗauki hadisin barin maƙwabci ya kafa azara a bangon mutum a matsayin kwaɗaitarwa. Amma mai sola da ya hana almajiri ko mai faci cajin waya da azahar ba abin da ya tsare wa kansa.

Akwai hanya ta huɗu da ba a faɗinta a fili: zagaye mita, ko jan waya daga layin da ya fi samun wuta. A gaɓar Kainji hujjar da ake kafawa tana da ƙarfi a zuciya: ruwanmu ne, gonakin kakanninmu ne a ƙarƙashinsa, har Nijar ake kai wa. Gaskiya ne kafin juyin mulkin Yuli 2023 Nijar tana samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, an yanke a Agustan wannan shekara, aka mayar a Maris 2024. Gaskiya ne kuma gwamnati da kanta ta amince akwai bashi, tunda ta kafa hukumar HYPPADEC don yankunan da ake samar da wutar ruwa, Kebbi na cikinsu. Amma bashin da al'umma ke bin hukuma ba ya zama izini ga mutum ɗaya ya biya kansa, musamman da yake asarar ba a kan hukumar take sauka ba. Taransifomar da aka yi wa lodi fiye da kima ita ce ke ƙonewa, maƙwabtan da ba su da mita kuma su ake raba wa kuɗin abin da ya ɓace. Ma'aunin dai guda ne ta kowane ɓangare: karɓar kuɗin wutar da ba a kawo ba shi ma cin dukiya ne ba da haƙƙi ba, dalilin da ya sa hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sa iyaka ga kuɗin ƙiyasi a 2020.

Abin da ya rage shi ne tasirin tanadin kowa-da-nasa a kan wutar kowa-da-kowa. Tun daga NEPA ta 1972, zuwa PHCN ta 2005, zuwa sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013, zuwa dokar 2023 da ta ba jihohi damar shiga harkar, masu bibiyar gyara a ƙananan garuruwa mutane ne ƙalilan: masu shaguna, ma'aikata, waɗanda suka iya rubuta koke suka san inda ake kai shi. Su ne kuma farkon masu sayen sola. Ranar da ofis ya daina jin zafin ɗaukewar wuta, mai niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara, waɗanda sola mai arha ba ta ɗaukar injunansu, sun rasa mai rubuta musu takarda. Ana ganin wannan ƙarara idan taransifoma ta ƙone aka fito karo-karo. A ƙa'idar NERC, gyaran taransifoma da turaku aikin kamfani ne, ba na unguwa ba, don haka mai sola da ya ce ba zai bayar ba yana da hujja biyu: ba ya buƙata, kuma ba a kan unguwa yake ba. Ba wanda zai iya wajabta masa kuɗin. Amma neman haƙƙin gari farilla ce ta kifaya, wadda ke faɗawa kan wanda ya fi iyawa, kuma a unguwar da ta yi mako uku cikin duhu, ofishinsa ne kaɗai wurin da kwamfuta da firinta ke aiki. A can za a buga koken, a can za a yi kwafinsa, daga can kuma za a tura shi ofishin kamfani, in ba a ji amsa ba a wuce da shi zauren sauraren koke na hukumar.